Ɗan kamashon kwamfutoci: wa ke raba musu lodi?

Duk wanda ya taɓa kwana a tasha yana jiran lodin shanu ko albasa, a Anacha ko Inugu ko nan Fatakwal, ya san darajar ɗan kamasho. Shi ke riƙe da layi, ya san motar da ta cika da wadda ke da sauran wuri. In babu shi, sai rigima.

Manyan kwamfutoci ma haka suke. Kamfanonin mai da jami'o'i kan haɗa kwamfuta ɗaruruwa ko dubbai su yi aiki tare kamar guda. Misali, TotalEnergies, mai ofis a Trans-Amadi, yana da irin wannan gungu mai suna Pangea a garin Pau na Faransa, inda ake lissafin hoton ƙarƙashin ƙasa kafin a haƙa rijiya. To, ma'aikata da yawa na son amfani da shi lokaci guda. Wa zai fara?

Wata manhaja ce ke yanke hukunci. Wadda ta fi shahara ita ce Slurm, da aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka wajen 2002. Yau fiye da rabin kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Za ka gaya mata inji nawa kake so, na awa nawa, sai ta sa ka a layi. In kana yawan ɗiba, sai ta ɗan ja ka baya don wasu su samu. In babban aiki na jiran injuna su taru, sai ta cusa ƙananan ayyuka a giɓin, muddin za su gama kafin lokacinsa, kamar yadda ake cike tirela da 'yan buhuna. Wanda ya wuce lokacin da ya nema kuwa, ta tsayar masa da aiki.

Dalilina na kawo wannan: yaranmu da yawa sun iya kwamfuta, amma sun tsaya a POS da buga takardu. Slurm kyauta ce, haka ma Kubernetes da Google ya saki a 2014. Da tsofaffin laftof biyu da Linux za a iya koyo a ɗaki. Iyaye, in yaro ya nemi kuɗin data don wannan, a taimaka masa.