Suna Linzami: Lambar da Ke Hana Takardu Ɓacewa a Intanet

A ce malamin kimiyya a wata makarantar sakandare da ke Dutsi, cikin jihar Katsina, ya rubuta wa ɗalibansa adireshin wata maƙala kan zaizayar ƙasa a jikin allo. Shekara na zagayowa wani ɗalibi ya buga adireshin a wayarsa, sai lamba 404 ta fito, wato babu komai a wurin. Sau da yawa maƙalar tana nan, mazauni kawai aka sauya mata. Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. A shekarar 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan intanet da ke akwai a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma.

Bambancin Suna da Kwatance

Adireshin intanet kwatance ne, tamkar a ce maka gida na uku bayan masallaci. Ranar da mai gidan ya tashi, kwatancen ya tashi aiki. Amma in ka san sunan mutumin, sai ka nufi wurin mai unguwa ya faɗa maka inda ya koma. A kan wannan hikima masana suka gina tsarin lambar shaida ta dindindin: kowace takarda a raɗa mata suna guda wanda ba a sauyawa, sannan a ajiye kundin da ke nuna inda take a yanzu.

Tsarin Handle, wanda cibiyar CNRI ta Robert Kahn ta ƙirƙiro a Amurka, shi ne wannan mai unguwa. A kansa aka ɗora lambar DOI, wadda aka gabatar a bajekolin littattafai na Frankfurt a 1997. Lambar DOI kashi biyu ce. Kashin farko yana farawa da 10, shi ne na mai bugawa, na biyu kuma na takardar ne ita kaɗai. Alal misali, maƙalun mujallar kimiyya ta Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma suna farawa da 10.33003. Duk wanda ya rubuta doi.org ya bi shi da cikakkiyar lambar, za a kai shi inda maƙalar take.

Yadda Ake Girka Tsarin

Da farko ana sanya wa babbar kwamfutar jami'a manhajar taskance takardu, kamar DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002. Da ita Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina taskarta mai suna Kubanni. Duk takardar da aka shigar, manhajar ce ke ba ta lamba da kanta.

Mataki na biyu shi ne yin rajista a karɓi kashin farko na lambar, a kuma riƙa biyan kuɗin shekara. Nan ne akan yi tuntuɓe, domin DSpace tana zuwa ne da lambar gwaji, wato 123456789. In ba a musanya ta da ta rajista ba, kundin duniya bai san da takardun ba, sunan ya zama laƙabin cikin gida. Masu buga mujallu kuwa sukan yi rajistar DOI ta hannun ƙungiyar Crossref, wadda aka kafa a 2000.

Mataki na uku ba ya ƙarewa. Duk lokacin da aka sauya wa taskar mazauni, wajibi ne ma'aikacin laburare ya sanar da kundin sabon adireshi. Manhaja tana raɗa suna, amma mutum ne ke riƙe amanarsa. In aka yi sakaci, lambar DOI ma sai ta kai mai nema kango.

Kammalawa

Ɗalibi mai rubuta aikin bincike, in ya ga DOI a goshin maƙala, ita ya kamata ya kwafa, ba dogon adireshin ba. Malamai su ma ita za su rubuta a allo. Haka kuma duk ranar da aka ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami na malaman ƙasar Daura domin sanyawa a intanet, tambayar farko ita ce: wace cibiya ce ta ɗauki alkawarin kula da lambobinsu bayan waɗanda suka fara aikin sun yi ritaya?