Tsoffin motocin gudu: Faransa da Amurka

Amurkawa sun dogara da girman inji. Chevrolet Corvette da Ford Mustang, wadda ta fito a 1964, an ƙera su ne domin kwalta mai faɗi da fetur mai arha: injin V8 yana ruri, yana kwankwaɗar mai. Faransawa kuwa sun fi son mota marar nauyi mai iya kwana. Alpine A110 ta lashe gasar rali ta duniya a 1973, Peugeot 504 kuma ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Shi ya sa tsoffin direbobin Tsauni, Matamaye da Damagaram 504 suka sani: tana shanye gargada, kayan gyaranta kuma ga su a Kano.