Ba Kowace Ƙaramar Fara Ce Ɗiyar Fara Ba

Ƴan'uwa manoma, idan ruwan shuka ya sauka, hatsi ya tsiro, mukan ga ƙananan fara marasa fiffike suna tsalle cikin gona. Wani ya ce ɗiyan farar dango ne, ya ruga neman magani. Wani ya ce ba kome ba ne, ya koma gida. Na farko yana iya ɓarnar kuɗinsa, na biyu yana iya rasa shukarsa. Maganin wannan shi ne a kama farar, a dube ta da kyau.

Fara maras fiffike kashi biyu ce. Akwai wadda ɗiya ce, fiffikenta yana nan tafe. Akwai kuma wadda ta gama girma, amma Allah ya halicce ta da guntun fiffiken da ba ya tashi da ita.

KASHI NA FARKO: ƊIYAN FARA

Ɗiyar fara takan yi saɓa wajen sau 5 kafin ta yi fiffike. Iri biyu ya kamata kowa ya sani.

1. Farar Senegal. Ita ce babbar maƙiyiyar hatsi a ƙasarmu. Ta yi ɓarna ƙwarai a Sahel a 1974, da 1985, da 1986. Ƙwanta yana kwana cikin ƙasa duk rani, ya ƙyanƙyashe bayan ruwan farko. A dubi bayan wuyanta: akwai zane mai kama da alamar "sau" ta lissafi. Tana cin tsiro tun yana ƙarami, daga baya kuma ta hau zangarniya lokacin da tsaba take da madara.

2. Farar dango. Idan ɗiyanta sun yi taro, launinsu baƙi ne da rawaya, suna tafiya tare, duka sun fuskanci waje guda. Ita ce ta shigo mana a 1988 da 2004. Wanda ya ga irin wannan tafiya, kada ya kwana bai faɗa ba.

KASHI NA BIYU: MANYA MASU GUNTUN FIFFIKE

Wadda muka fi gani masana suna ce mata Kurotogonus. Tsawonta wajen santimita 2 ne. Gajera ce, mai faɗin jiki, fatarta da kaushi kamar ta kwaɗo, launinta launin ƙasa. Idan ta lafe, ba a ganinta sai ta yi tsalle. Yawancinsu fiffikensu bai rufe ciki ba. Ba ta taro, ba ta tafiya mai nisa. Ɓarnarta tana kan ƙananan tsiro, musamman a garka da wurin rainon iri.

Danginta suna da alama guda: a tsakiyar goshi akwai ɗan tsagi. Cikin dangin nan akwai farar tumfafiya, da mai launi kore da ja da rawaya wadda ke cin rogo a wuraren da ruwa ya fi yawa. Waɗannan biyu sun fi ta girma. Farar tumfafiya tana da guba, ba a cinta.

YADDA ZA A BAMBANTA SU

A dubi guntun fiffiken. Na ɗiya mai kusurwa uku ne, yana da zane-zane kamar mahuci, kuma yana ƙaruwa bayan kowace saɓa. Na babba yana kwance a jiki, ba ya ƙaruwa.

A dubi halinsu. Ɗiya ba ta barbara, ba ta ƙwai. Idan an ga biyu a goye, ko ɗaya ta cusa gindinta cikin ƙasa, to manya ne.

Idan ana shakka, a sa su cikin kwalba da ɗanyen ganye, a rufe da ƙyalle. Ɗiya za ta yi saɓa, a ga fatar a ƙasan kwalbar.

ABIN YI

Ɗiyan fara ana yaƙarsu tun ba su yi fiffike ba, domin cikin ƴan makonni za su tashi. A kama kamar 10, a sa a kwalba, a rubuta sunan wurin da ranar, a kai wa malamin gona ko ƴan birgad na gari. Su ne za su sanar da ma'aikatar kare tsirrai. A ƙirga kuma nawa ke tsalle cikin taki ɗaya tsawo, taki ɗaya faɗi, domin za a tambaya.

Mai kama da kwaɗo kuwa, ba ta bukatar gangami. A share ciyawar gefen garka, a tsince ta da sassafe tun ba ta ji rana ba. Zabi da kaji suna taimakawa. Shamuwa da belbela ma abokan manomi ne, kada yara su jefe su.

Gargaɗi ga mata da yara masu kamun fara don kasuwa: kada a kama a gonar da aka sa magani.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.