Rajistar Manhaja: Fayil Tukuna, Sannan Rumbun Bayanai

Ranar da aka cire wa mutum kuɗi a POS amma ba su isa ba, abin da injiniyoyin banki ke fara buɗewa shi ne rajistar manhaja, inda kwamfuta ke rubuta duk abin da ya gudana: wa ya nemi me, da ƙarfe nawa, a ina aka samu cikas. Tun shekarun 1980, lokacin da Eric Allman ya ƙirƙiro syslog, akasari layi-layi ake rubuta ta kamar zance. Layi ɗari mutum zai karanta, amma miliyan fa? Dole kwamfuta ta tace, ita kuwa ba ta gane zance sai an ware mata komai.

Wannan warewar ce amfanin XML, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a 1998. Kowane bayani ana sa shi tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa masu ɗauke da sunansa, lokaci daban, lambar kuskure daban. Microsoft ma a kan XML ya gina rajistar lamuran Windows tun daga Vista. Masu suka na cewa alamomin sukan fi bayanin kansa yawa, su cinye wuri. Gaskiya ne, sai dai abin da ke ta maimaituwa shi ya fi sauƙin matsewa da irin su gzip. Babban aibin wani ne daban: fayil ɗin XML ba ya cika sai da alamar rufewa ta ƙarshe, manhajar da ta tsaya kwatsam kuwa ba za ta rubuta ta ba. Shi ya sa Log4j na farko, wata manhajar rubuta rajista, ke fitar da kowane lamari a matsayin gutsure mai zaman kansa, kuma da yawa yanzu suka koma JSON, layi guda lamari guda.

To me zai hana a zuba komai kai tsaye cikin rumbun bayanai, tunda can tambaya guda ta SQL za ta zaƙulo duk kurakuran jiya da dare? Saboda rumbun ma yakan faɗi, kuma sau da yawa faɗuwarsa ce matsalar da ake son bincika. Idan rajistar na cikinsa, shaida ta tafi tare da mai laifi. Ga jinkiri kuma, domin kowane layi sai ya jira rumbun ya amsa. Don haka gara manhaja ta fara rubuta tsararren bayani a fayil, wata daban ta kwashe zuwa rumbu daga baya.