TSIBIRIN LAMU: SUN ƘERA JIRGIN RUWA DA SHARAR ROBA

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Wanda yake zaune a tsibiri ba shi da bayan gari mai faɗi inda zai kai shara. Abin da ya shigo, nan yake zama. Shi ya sa leda da gorunan roba suka fi damun mutanen tsibiri bisa mu mazauna tudu.

Lamu tsibiri ne na ƙasar Kenya, a Tekun Indiya. Mutanensa Suwahili ne, galibinsu Musulmi. Garin tsoho ne ƙwarai. A shekarar 2001 hukumar Yunesko ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta iya bin su. Jaki ne yake ɗaukar yashi, da dutsen gini, da kayan kasuwa, har da mutane.

Baƙi ƴan yawon buɗe ido suna zuwa daga Turai da sauran wurare, su ga tsofaffin gidaje, su yi wanka a bakin teku. Lokacin Mauludi kuma garin yakan cika da baƙi daga ƙasashen gabashin Afirka. Zuwan baƙi abinci ne ga masu otel, da masu jiragen ruwa, da masunta. Amma baƙo ba ya shan ruwan rijiya. Ruwan gora yake saye. Idan ya sha gora uku a yini, ya yi kwana bakwai, gora 21 ke nan ya bari a baya. Shi ya koma gida, gorunan suna nan.

Kada dai a ɗora wa baƙi laifin duka. Mutanen gari su ma suna zubar da tasu. Teku kuma yana kawo wata daga nesa: iska da igiyar ruwa suna turo tsofaffin silifa, da bido, da murafen gora, wasu tun daga ƙasashen Asiya, su jibge su bisa rairayi.

Ɓarnar da roba take yi

Roba ba ta ruɓewa kamar kara ko ɓawon gujiya. Rana tana farfasa ta, ta zama ƙanana, amma tana nan. Jakin Lamu yana kiwo a kan juji. Yakan haɗiye leda mai ƙanshin abinci. Ledar ba ta narkewa a ciki, sai ta toshe hanji. Jakin ya kama ciwon ciki, ya daina ci, wani lokaci ya mutu. Mai jaki ya rasa abin neman abincinsa. Duk mahaucin da ya taɓa fasa tumbin akuya a Maraɗi ko Damagaram ya ga curin leda, ya san wannan magana.

A cikin ruwa, kunkurun teku yana haɗiye leda domin tana kama da abincinsa. A cikin gari kuwa, gorar da aka yar tana tara ruwan sama, sauro ya yi ƙwai a ciki. Idan shara ta yi yawa sai a sa mata wuta. Hayaƙin roba yana da dafi, yana cutar da ƙirji da idanu, musamman na yara da tsofaffi. Ga wani abu kuma: baƙon da ya tarar da bakin teku cike da shara ba ya komowa baɗi.

Daga wasan yara zuwa sana'a

Arewa da Lamu akwai wani ƙaramin tsibiri, Kiwayu. A ƙarshen shekarun 1990, wata ma'aikaciyar kare halittun teku mai suna Julie Church ta lura da yaran wurin suna tsintar silifan da teku ya zubo, suna yanka su, suna yin ƴan jirage da motocin wasa. Sai ta ba iyayensu mata shawara su tara silifan, su wanke, su yi abin sayarwa da su. Daga wannan aiki ne kamfanin Ocean Sole ya samo asali. Ana manna silifa bisa silifa da gam har su zama curi, sa'an nan masassaƙi ya sassaƙa raƙumin dawa, ko giwa, ko kifi, da wuƙa. Masu saye su ne baƙin nan, da mutanen ƙasashen waje.

Jirgin da ake kira Flipflopi

Mutanen Lamu sun gaji ƙera jiragen ruwa na katako tun kaka da kakanni. Irin jirgin nan ba ya bukatar inji. Babban ƙyalle ake ɗaura masa, iska ta tura shi. Wani mai sana'ar kai baƙi yawo, Ben Morison, ya ga yadda shara ta lalata bakin tekun da yake tallatawa. Ya je wurin wani gwanin maƙerin jirage na Lamu, Ali Skanda, ya tambaye shi ko za a iya ƙera jirgi da sharar roba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Aka tara roba wajen tan 10, wato nauyin buhun hatsi ɗari mai kilo ɗari ɗari. Aka ware ta iri iri, domin kowace roba da zafin da take narkewa. Aka wanke, aka niƙa, aka narka a masana'anta, aka zuba cikin mazubi, ta fito kamar katako. Alluna da yawa na farko sun karye, sai da aka yi ta sakewa. Da aka samu masu ƙarfi, Ali Skanda da yaransa suka haɗa su da hannu, yadda suke haɗa na itace. Daga nan suka lulluɓe jikin jirgin da silifa wajen 30.000, ja da shuɗi da rawaya. Tsawonsa wajen mita 9. Sunansa ya fito ne daga sunan silifa da Turanci.

An saka shi a ruwa a 2018. A watan Janairu na 2019 ya tashi daga Lamu zuwa tsibirin Zanzibar, tafiyar kilomita 500, kamar daga Yamai zuwa Madawa. Duk inda ya tsaya, ƴan makaranta da masunta da hukumomi suna zuwa kallo, a yi musu bayani. A 2021 aka kai shi Tafkin Biktoriya, ya ziyarci Kenya da Yuganda da Tanzaniya.

A ganinmu, abin da ya biyo bayan tafiyar ya fi tafiyar amfani. An buɗe wurin tara roba a Lamu. Masu tsinta suna kawowa, a auna, a biya su. Ana yin kujeru da ƙofofi da ita, ana yi musu zane irin na Suwahili, ana kuma koya wa matasa aikin. Tun da aka sa wa bido da bokitin da suka fashe kuɗi, sai aka samu masu sunkuyawa su ɗauka.

Iyakar wannan dabara

Ba kowace roba take shiga wannan aiki ba. Mai kauri ce ake so. Leda marar kauri, da takardar biskit mai ƙyalli, ba su da kasuwa. Kuma abin da ake zubarwa a kowace rana ya fi ƙarfin masu sassaƙa. Saboda haka gwamnatin Kenya ta hana ledar cefane a watan Agusta na 2017. A watan Yuni na 2020 ta hana shiga gandun daji da bakin teku masu kariya da gorunan roba da kofunan da ake yarwa bayan sha ɗaya. Wasu otel suna ba baƙo gora guda wadda zai riƙa cikawa har ya tafi.

Nijar ma ta yi dokar hana leda marar kauri a 2014, amma kowa yana ganin ta rataye bisa ƙaya a bakin kowane gari. Mai son gwada aikin Lamu a nan, ya san cewa narka roba aikin inji ne da wuri mai iska. Kada a narka ta a tukunya cikin gida, kada kuma a hura wutar girki da leda. Saƙa jaka, ko igiya, ko tabarma da ledar da aka wanke ta bushe, wannan ba ya bukatar wuta.