Fentin da Ba Ya Rufa wa Bango Asiri

Duk wanda ya shiga sababbin gidaje a Kano, Kaduna ko Abuja cikin 'yan shekarun nan zai lura bangon falo ya sauya kama. Abin yayi yanzu shi ne wanda masu fenti ke kira sitoko: a shafa launin farko ya bushe, a bi shi da wani siriri wanda ido ke ratsawa ya hango na ƙasa, sannan a yi ta gugarsa da cokalin ƙarfe har bango ya ɗauki sheƙi irin na dutsen mabul.

Fasahar tsohuwa ce. A Venis ta Italiya da farar ƙasa da garin mabul ake kwaɓa ta, a Marrakesh ta Maroko kuma akwai tadelakt, wanda ake gogewa da dutse mai santsi da baƙin sabulun zaitun. Amma galibin abin da ke iso mana a bokiti haɗin roba ne, kuma wannan bambancin shi ne tushen matsalar da zan zo kanta.

Me ya kawo yayin? Na farko waya ce. Mai gida ya ga bidiyo a TikTok ko Instagram, ya miƙa wa mai fenti ya ce irin wannan nake so. Ga gasar ɗakin amarya, inda 'yan ganin jere ke duba bango kafin su dubi gado. Takardar bango ma ta ba mutane kunya, don damina ɗaya kan sa bakinta ya fara ɗagowa. Sai kuma fitilun da ake binnewa cikin silin, waɗanda haskensu ke kwantawa a kan bango mai sheƙi ya ƙawata falo.

Alherin da na gani a ciki shi ne sana'a ta sake samun daraja. Fentin gama-gari kowa na iya shafa shi, yana kuma rufe aibi. Wannan kuwa tona asiri yake: in yaɓe bai miƙe ba, ko akwai tsaga, sai ya fito da su fili. Dole a daidaita bango tukuna, dole kuma a nemi mai hannu, shi ya sa matasan da suka koyi aikin da gaske suke cin kasuwarsu.

Illar tana wajen danshi. Gidaje da yawa an ɗora su ba tare da shimfiɗa leda a harsashi ba, don haka bulo na tsotsar ruwa daga ƙasa. Farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi, roba kuwa toshe shi take yi, sai fentin ya kumbura, farin gishiri ya feso. Kuma sitoko ba ya karɓar faci. Wuri kaɗan ya ɓaci, sai an sake bangon gaba ɗaya. Abin yana min ciwo, domin maginanmu na dā da suka yi aiki da makuba da laso ruwa suka fara yaƙa kafin su zana dagi.

Ga mai shirin yin sitoko, ka bar sabon bango ya ga damina ɗaya, ka dubi gindinsa da kyau, ka magance danshi, sannan ka kira mai fenti.