Littattafan Tafiya Da Hawan Dutse Da Ya Kamata Matasanmu Su Karanta

Duk wanda ya tashi a Bauchi ya saba da ganin duwatsu, daga Warinje da ke bakin gari har zuwa Zaranda a kan hanyar Jos. Amma yaranmu kaɗan ne suka taɓa hawansu, kaɗan ne kuma suka karanta labarin mazajen da suka ratsa hamada ko suka hau ƙololuwar tsauni. To, ga waɗansu littattafai da za su cike wannan giɓi.

A fara da na gida. Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934, yana kai mai karatu cikin ayarin Sahara a zamanin cinikin bayi, da ƙishirwarsa da guguwar rairayinsa. Sai Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya.

Na uku shi ne labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta. Ya bi Bajamushen nan Barth har Tambutu, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855. Da bakinsa ya ba da labarin da Hausa, Schön ya rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885.

Game da hawan dutse kuwa, a nemi The Ascent of Everest na John Hunt, shugaban ayarin da ya kai Hillary da Tenzing Norgay bisa tsaunin da ya fi kowane tsawo a duniya, mita 8,849, ran 29 ga Mayu, 1953. A haɗa shi da Tiger of the Snows, tarihin Tenzing, wanda da dakon kayan Turawa ya fara. Shi da Dorugu darasinsu ɗaya ne: ɗan rakiya ma yana da labari, in ya sami mai rubutawa.

Hunt ya nuna cewa shiri da haƙuri da jin maganar jagora su ne ke kai mutum sama su komo da shi lafiya. Wannan ya shafi mai nufin Everest, ya shafi mai nufin Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya.

Muna roƙon malamai su sa waɗannan littattafai a ɗakunan karatun makarantu, masu ɗab'i kuma su juya na Turancin zuwa Hausa.